Fitilun da ke bin hoton talabijin: Yadda suke aiki da yadda ake gano matsalarsu

A shekarar 2004 ne kamfanin Philips ya fito da talabijin mai fitilu a bayanta, wadda ya raɗa wa suna Ambilight. Fitilun suna haska bango da irin launin da ke gefen allo: idan fili kore ne a hoton, bango ya yi kore, idan wuta ce ke ci, ya yi ja. A yau ba sai an sayi irin wannan talabijin ba, domin kamfanoni irin su Philips Hue da Govee da Nanoleaf suna sayar da igiyar fitilun LED da ake mannawa a bayan kowace talabijin.

Kayan suna da tsada, kuma da zarar sun fara gardama, akasarin masu su kan ɗauka igiyar ce ta mutu, su sayi wata. Sau da yawa kuwa lafiyarta lau. Hasken da ke bango shi ne ƙarshen wata doguwar hanya: daga inda ake ɗauko hoto, zuwa akwatin da ke fassara shi launuka, zuwa sadarwar da ke kai umarni, sai wutar da ke ciyar da su duka. Gano inda hanyar ta yanke shi ne rabin gyara.

A fara sanin irin na'urar

Hanyoyi uku ne fitilun ke sanin abin da ke kan allo, kuma kowane allazi da nasa amanu.

Ta farko kyamara ce ƙarama da ake ɗorawa a saman talabijin ko ƙasanta, tana kallon allo kamar yadda ido ke kallo. Haka yawancin na Govee da Nanoleaf 4D suke aiki. Tana bin duk abin da aka kunna, amma hasken ɗaki na iya ruɗa ta.

Ta biyu akwati ne da ake sawa tsakanin talabijin da abin da ke ba ta hoto, kamar dikoda ko na'urar wasa, ta wayar HDMI. Wanda Philips Hue ya fitar a 2019 yana da mashiga huɗu da mafita ɗaya. Launinsa ya fi na kyamara daidaito, sai dai bai san komai ba sai abin da ya ratsa ta cikinsa.

Ta uku manhaja ce da ke cikin talabijin ko kwamfuta. A 2023 aka fito da manhajar Hue Sync ga wasu talabijin na Samsung, wadda ba ta buƙatar akwati ko kyamara.

Idan fitilun sun ƙi kamawa ko suna ƙyaftawa

Wuta ake fara tuhuma. Kowace igiya tana da ƙarfin lantarkin da aka ƙera ta da shi, galibi bolt 5 ko 12 ko 24, kuma an rubuta shi a jikin adaftarta. Sa wa igiya mai bolt 5 adaftar bolt 12 yana ƙone ta nan take, ko da bakin ya shiga daidai. Haka kuma, lantarkin Najeriya da Nijar yana tsakanin bolt 220 zuwa 230 ne, na Amurka kuwa 120. Kayan da aka yo oda daga can sai an duba an ga an rubuta 100–240V kafin a soka su a soket.

Masu jona igiya a ramin USB na talabijin su ma sukan gamu da cikas. Ramin USB 2.0 rabin amfiya yake bayarwa, na 3.0 kuma 0.9. Ƙwayar fitila ɗaya ta samfurin WS2812B, wadda ta yawaita a kasuwa, tana iya jan kusan 0.06 idan ta yi fari tas, wato mita ɗaya mai ƙwayoyi 60 na iya neman amfiya 3.6. Shi ya sa ake ganin fitilun suna lafiya a hoto mai duhu, amma su ƙyafta ko su mutu da zarar allo ya yi fari. Maganinsa adafta mai ƙarfi da ke tafiya kai-tsaye zuwa soket.

Idan farkon igiya fari ne, ƙarshenta kuma ya koma rawaya ko ja-ja, ƙarfin wutar ne ke raguwa a hanya. Shuɗi ya fi ja buƙatar ƙarfi, saboda haka shi ke fara dusashewa. Ana gyara wannan da rage haske, ko kuma mai gyara ya ba igiyar wuta ta ƙarshenta biyu.

Idan suna kamawa amma ba sa bin hoto

A duba manhaja tukuna. Yawancin na'urorin suna da yanayin bin sauti, da na launi tsayayye, da na bin bidiyo, kuma wasu kan koma wani yanayin bayan an ɗauke wuta.

Ga masu akwatin HDMI, babban dalili shi ne hoton bai bi ta cikinsa ba. YouTube ko Netflix da aka buɗe daga cikin talabijin kanta, da tashar da eriya ta kamo, da fim ɗin da aka kunna daga filashi, duk ba sa ratsa akwatin. Wannan ba lalacewa ba ce, haka ƙirar take. Mafita ita ce kallo ta wata na'ura ta waje, kamar Fire TV Stick ko Apple TV ko dikoda, a jona ta da akwatin. Tsohuwar dikoda mai waya uku, rawaya da fara da ja, ba ta shiga sai da na'urar da ke mayar da hotonta na HDMI.

A kwamfuta kuwa, finafinan da aka yi wa kariya daga kwafa sukan hana manhaja ganin allo. Abin da take gani baƙi ne kawai, sai fitilun su yi tsit.

Idan launin bai dace ba

Kyamara ba ta bambance hoton talabijin da hasken taga ko na ƙwan ɗaki da ya faɗo a kan gilashi. A ja labule, a kashe fitilar da ke fuskantar allo, a kawar da duk wani abu mai ƙyalli da ke ƙarƙashinsa. Ƙurar hunturu ma takan rufe idon kyamarar har launuka su yi fari-fari, don haka a riƙa goge shi da ƙyalle mai laushi. Idan an taɓa kyamarar ta goce, ko da kaɗan ne, sai an sake saita ta a manhaja, a nuna mata kusurwoyin allo daga farko.

Idan launin dama yana fitowa a hagu, an juya igiyar ne wurin mannawa, abin da kan faru saboda mai aikin yana tsaye a bayan talabijin. Yawancin manhajoji suna ba da damar sauya alkibla ba tare da an ɓamɓare ta ba.

Finafinan silima sun fi allon gida faɗi, shi ya sa ake ganin baƙin layi sama da ƙasa. Na'urar da ba ta gane layin ba takan kashe fitilun sama. Wasu manhajoji suna da wurin da ake umartar su da su tsallake shi.

Masu haɗa nasu da kansu da kwamfutar Raspberry Pi da manhajar Hyperion kan ga ja ya zama kore, kore ya zama ja. Dalili shi ne WS2812B tana karɓar kore kafin ja, saboda haka sai an zaɓi tsarin GRB a maimakon RGB.

Bango ma yana da nasa tasiri. Fenti shuɗi ko ruwan hoda yana gurɓata duk launin da aka haska masa. Fari ko ruwan toka mai haske ya fi dacewa.

Idan hoton talabijin ne ke ɗaukewa

Wannan matsalar masu akwati ce, kuma waya ce kan jawo ta. Hoton 4K yana buƙatar wayar HDMI mai ɗaukar gigabit 18 a daƙiƙa, mai sauyawa sau 120 a daƙiƙa irin na PlayStation 5 kuma yana son HDMI 2.1 mai gigabit 48. Akwatin Hue na farko ba ya ɗaukar 4K a wannan gudun, sai wanda ya fito a 2024.

Akwai kuma tsarin kariya da ake kira HDCP, wanda ke sa na'urori su tantance juna kafin hoto ya wuce. Idan tantancewar ta sarƙe, a zare komai daga wuta na minti ɗaya, a kunna talabijin, sannan akwati, sannan dikoda. Idan kuma talabijin tana sauya mashiga da kanta, a gwada kashe HDMI-CEC, wanda Samsung ke kira Anynet+, LG ke kira SimpLink, Sony kuma Bravia Sync.

Idan haske yana makara ko manhaja ba ta ganin fitilun

Yawancin waɗannan fitilu Wi-Fi mai 2.4GHz kaɗai suke kamawa. Idan wayar salula tana kan 5GHz, ko rauta ta haɗa biyun a suna ɗaya, saitin farko kan gagara. A raba sunayen, ko a kashe 5GHz har a gama.

Fitilun Hue suna karɓar umarni ne ta tsarin Zigbee daga wani ƙaramin akwati mai suna Bridge. Samfurinsa da aka fi sani da waya ake jona shi da rauta, don haka gidan da ya dogara da ƙaramar MiFi marar ramin waya sai ya nemi wata rautar. Zigbee shi ma a 2.4GHz yake, kuma na'urar ɗumama abinci ta maikirowef tana aiki a kusa da nan. Idan suna karo, a nisanta Bridge da rauta, ko a sauya tashar Zigbee a manhaja. Fitilu goma ne iyakar abin da ake haɗawa a rukunin kallo ɗaya.

Bayan an dawo da wuta, fitilu kan riga rauta farkawa, su nemi sadarwa su rasa. A jira rauta ta daidaita, sannan a kashe su a sake kunnawa.

Idan rabin igiya ya mutu

Ƙwayoyin suna miƙa wa juna umarni ne ɗaya bayan ɗaya, ta alkiblar kibiyar da aka zana a jiki. Idan ɗaya ta lalace, na bayanta duka sukan tsaya. A duba daidai inda hasken ya yanke, galibi a kusurwa ne inda aka lanƙwasa ta da ƙarfi. Yanke igiya don ta yi daidai da talabijin yana iya lalata ta, shi ya sa ake sayar da su gwargwadon girman allo, kamar inci 55 da 65 da 75. Zafin bazara da na bayan talabijin kan saki gam, saboda haka a goge wurin ya bushe kafin mannawa, a ƙara da 'yan maƙalai.

Kiyaye kaya da lafiya

Hawa da saukar wuta, musamman lokacin sauyawa zuwa janareta, yana kashe adafta da akwati. A cire su kafin a sauya, a kuma sa musu na'urar kariya daga ambaliyar wuta. Adaftar da ta yi zafin da ba a iya riƙewa, ko take ƙauri, a zare ta nan take. Kada a bar igiya a kunne tana naɗe a kan faifanta.

Ƙwararrun tace hoto suna amfani da farin haske tsayayye mai ma'aunin 6500K a bayan allo, wanda bai wuce kashi 10 cikin 100 na hasken allon ba, domin ido ya huta. Wanda launuka masu sauyawa ke gajiyar da shi zai iya komawa ga wannan. A gidan da ke da mai farfaɗiyar da walƙiyar haske ke tayarwa, a guji yanayin sauyawa da sauri.

Mayar da na'ura saitinta na masana'anta shi ne mataki na ƙarshe, domin yana share duk abin da aka tsara. Kafin a kai ga haka, a gwada wata waya, wani soket da wata adafta mai ƙarfi iri ɗaya, ana sauya abu ɗaya a lokaci guda. Idan duk an yi bai yi ba, kuma garanti bai ƙare ba, a mayar wa mai shago da rasit, kada a buɗe akwatin.