Tarihin Taga: Daga 'Yar Kafa Zuwa Gilashi

Jama'a, a da gidajen tubali na Gatawa da sauran ƙasar Gobir ba su san gilashi ba. Taga 'yar ƙaramar kafa ce can sama a bango, saboda zafi, ƙurar hunturu da idon mai wucewa.

A 1959 kamfanin Pilkington na Ingila ya fito da dabarar zuba ruwan gilashi bisa narkakkiyar kuza, gilashi ya wadata a duniya. Da siminti ya shigo, aka koma tagar ƙarfe, yau kuma ta alminiyon mai zamewa.

Amma fa rabinta kaɗai ke buɗewa, zafin Afrilu zai gaya maka. Gilashi mai madubi kuwa, ka kunna fitila da dare, na waje na kallonka. Tanadi labule da sandunan ƙarfe kafin ado.