Betty Robinson: Yarinyar da Aka Ɗauka Ta Mutu

 Yau tarihin wata 'yar Amurka na kawo muku, musamman ke da ke jinya, ko kike jinyar wani har kin fara cire rai.

Sunanta Betty Robinson, an haife ta a 1911 a kusa da birnin Chicago. Tana 'yar makaranta wani malaminsu ya hango ta tana sheƙa gudu don kada jirgin ƙasa ya bar ta, ya ce lallai wannan ƙafa ta tsere ce. A 1928 aka fara barin mata su shiga tseren gasar Olamfik, a birnin Amsterdam. Betty, tana da shekara 16 kacal, ta cinye mita 100 cikin daƙiƙa 12.2. Ita ce mace ta farko da ta karɓi lambar zinare a wannan tsere.

To, 'yar'uwa, kin san duniya rawar 'yan mata ce. A 1931 ƙaramin jirgin saman da take ciki ya faɗo. Mutumin da ya tsince ta ya ɗauka ta cika, ya sa ta a but ɗin mota ya kai wa mai shirya gawa. Can aka ga ashe da sauran numfashi. Ta yi wata 6 a keken guragu, sai da ta shekara 2 kafin tafiyarta ta daidaita. Gasar 1932 ta wuce ta.

Ko da ta warke, gwiwarta ba ta lanƙwasuwa, ba ta iya durƙuson da 'yan tsere ke yi kafin su tashi. Sai ta koma tseren miƙa sanda, inda mata huɗu ke karɓeɓeniya, ita kuma daga tsaye za ta karɓa. A gasar Berlin ta 1936 Jamusawa ne a gaba, sai sandarsu ta suɓuce ta faɗi. Betty da 'yan'uwanta suka ɗauki zinare. Ta rayu har 1999, tana da shekara 87.

Kin ga, abin da ciwo ya karɓe bai dawo duka ba, amma ta nemi abin da za ta iya da sauran ƙarfinta. In da rai da rabo. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.