Babi na Uku: Tarihin Karrama Ɗaliban Ajin Ƙarshe a Fagen Karatu da Wasanni a Makarantun Share Fagen Shiga Jami'a na Amurka

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin wata al'ada da ta daɗe da kafuwa a makarantun share fagen shiga jami'a na ƙasar Amurka, wato al'adar auna ɗalibin da za a yaye da ma'auni biyu: ƙwazonsa a aji da bajintarsa a filin wasa. A ranar bikin yaye ɗalibai akan kira wanda ya yi zarra a lissafi ko harshen Latin a miƙa masa kyauta, a kuma kira kyaftin ɗin ƙwallo a miƙa masa kofi, amma yabo mafi girma yakan tafi ne ga wanda ya haɗa biyun. Za a duba inda wannan ma'auni ya samo asali, da manufar waɗanda suka kafa shi, da kuma irin mutanen da ya buɗe wa ƙofa da waɗanda ya rufe wa.

3.1 Ma'ana da Asalin Makarantun

Makarantun da ake magana a kansu makarantun sakandare ne masu zaman kansu, galibinsu na kwana, waɗanda aikinsu shi ne shirya yaro don shiga manyan jami'o'i irin su Harvard da Yale da Princeton. Mafi yawan tsofaffin cikinsu suna arewa maso gabashin ƙasar. Samuel Phillips ya kafa makarantar Andover a jihar Massachusetts a 1778, sai kuma baffansa John Phillips ya kafa ta Exeter a jihar New Hampshire a 1781. Takardun kafa makarantun nan biyu sun nuna cewa manufarsu ita ce haɗa ilimi da kyawawan ɗabi'u, bisa hujjar cewa nagarta ba ilimi tana da rauni, ilimi kuma ba nagarta yana da haɗari. Darussan da aka fi ba muhimmanci su ne Latin da Girkanci da lissafi da addini. A wancan zamani wasa ba ya cikin abin da makaranta ke yaba wa yaro a kansa. Abu ne da yara ke yi da kansu idan an tashi daga aji.

3.2 Shigowar Wasanni Cikin Manhaja

Sauyin ya faro ne daga Ingila. Thomas Arnold, wanda ya shugabanci makarantar Rugby daga 1828 zuwa 1842, ya ƙarfafa tsarin ɗora wa manyan ɗalibai nauyin kula da ƙanana, domin su koyi mulki tun suna yara. Shi kansa Arnold bai damu da wasanni sosai ba. Waɗanda suka biyo bayansa ne suka mayar da filin wasa wurin tarbiyya, musamman bayan da wani tsohon ɗalibinsa, Thomas Hughes, ya wallafa littafinsa a kan rayuwar makarantar a 1857. Aƙidar da ta bazu ita ce, yaron da ya koyi jure wahala da bin umarnin kyaftin da karɓar kaye ba tare da ƙorafi ba, shi ne zai iya riƙe jama'a idan ya girma.

Wannan aƙida ta ƙetara teku zuwa Amurka a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. A 1878 aka fara karawa tsakanin Andover da Exeter a wasan ƙwallon ƙafa irin na Amurka, gasar da ta zama ɗaya daga cikin mafiya daɗewa tsakanin makarantun sakandare a ƙasar. Makarantar St. Paul's, wadda aka kafa a 1856, ta yi suna a wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara. Amma mutumin da ya fi kowa dasa aƙidar shi ne Endicott Peabody, wanda ya yi karatu a kwalejin Cheltenham da Jami'ar Cambridge a Ingila, ya dawo ya kafa makarantar Groton a 1884, ya kuma shugabance ta har zuwa 1940. A Groton 'ya'yan attajirai na kwana a 'yan ɗakuna marasa ƙofa, suna wanka da ruwan sanyi, wasa kuma wajibi ne a kan kowa. A ganin Peabody, dukiya na sangarta yaro, filin ƙwallo kuwa na gyara shi.

Tasirin wannan mutum ya wuce harabar makarantarsa. A 1905, lokacin da mace-mace da raunuka a wasan ƙwallon Amurka suka tayar da hankalin jama'a, Peabody na cikin waɗanda suka nemi Shugaba Theodore Roosevelt, wanda 'ya'yansa suka yi karatu a Groton, ya sa baki. Shugaban ya tara wakilan Harvard da Yale da Princeton a fadarsa, kuma a 1906 aka kafa ƙungiyar da daga baya ta zama hukumar kula da wasannin jami'o'in ƙasar.

3.3 Kafuwar Ma'auni Biyu

Zuwa farkon ƙarni na 20, tsarin karramawar ya riga ya zauna da gindinsa. Ta ɓangaren karatu, a 1906 Abram Harris ya kafa ƙungiyar Cum Laude a makarantar Tome ta jihar Maryland, domin a riƙa shigar da ɗalibai mafiya hazaƙa cikinta kafin a yaye su. Ta ɓangaren wasanni kuma, akan ba ɗan wasan da ya wakilci makaranta harafin farko na sunan makarantar ya ɗinka a rigarsa, alamar da kowa ke gani ya san matsayinsa.

Abin da ya ƙara wa haɗa biyun daraja shi ne wasiyyar Cecil Rhodes, attajirin da ya tara dukiya daga lu'ulu'un Afirka ta Kudu, wanda ya rasu a 1902. A cikin sharuɗɗan tallafin karatu a Jami'ar Oxford da ya bari, ya nemi a duba ilimin ɗalibi, da sha'awarsa da nasararsa a wasannin maza na fili, da halinsa, da alamun iya shugabanci. Ke nan ɗalibin da ya duƙufa a kan littafi kaɗai bai cika sharaɗi ba. Wannan shi ne hoton “cikakken saurayi” da makarantun suka riƙa nema.

3.4 Misalan Wasu Ɗalibai

Domin a gane ko ma'aunin ya auna abin da aka ce yana aunawa, ya dace a dubi wasu sanannun ɗalibai.

Na farko shi ne Hobey Baker na St. Paul's, wanda ya shiga Princeton a 1910, ya yi fice a ƙwallon gora na ƙanƙara da ƙwallon Amurka, aka kuma san shi da tsabtar wasa. Ya zama matuƙin jirgin yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya rasu a haɗarin jirgi a Faransa a watan Disamba na 1918. Tun 1981 ake ba da kyautar gwarzon ɗan wasan ƙwallon gora na jami'o'in Amurka da sunansa.

Na biyu shi ne George H. W. Bush, wanda aka yaye daga Andover a 1942 yana shugaban ajinsu, yana kuma kyaftin na ƙungiyoyin besbol da ƙwallon ƙafa. Sakataren Yaƙi Henry Stimson, wanda ya yi jawabi a bikin, ya shawarci ɗaliban su fara zuwa jami'a tukuna. Bush bai bi shawarar ba, ya shiga rundunar sojan ruwa ranar da ya cika shekara 18. Bayan yaƙi ya kammala Yale a 1948, ya kuma zama shugaban ƙasa a 1989. A kan waɗannan mutum biyu, ana iya cewa zaton makarantun ya tabbata.

Sai dai akwai misalan da suka saɓa. Franklin D. Roosevelt ya zauna a Groton daga 1896 zuwa 1900. Ba shi da ƙirar ɗan ƙwallo, bai samu shiga babbar ƙungiyar makarantar ba, sai dai ya zama mai kula da kayan ƙungiyar besbol. Abin da ya fita da shi shi ne kyautar Latin. Duk da haka shi ne mutum ɗaya tak da Amurkawa suka zaɓa shugaban ƙasa har sau huɗu. Haka nan a makarantar Choate, Joseph Kennedy ƙarami ya karɓi kofin da ake ba ɗan ƙwallon da ya fi haɗa karatu da kyakkyawan wasa a 1933. Ƙanensa John, wanda ya yi ta fama da rashin lafiya, ya fita a 1935 yana na 64 cikin ɗalibai 112. Yayan ya rasu a yaƙi a 1944, ƙanen ne ya hau kujerar shugabancin ƙasar a 1961. Hausawa na cewa ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Abin lura a nan shi ne, duka mutanen nan sun fito daga gidajen masu hali, kuma kusan kowannensu ya wuce babbar jami'a, da kofi ko ba kofi. Wannan na nuna cewa kujerar makarantar ita ce babbar kyautar, tun kafin a zo ranar rabon kyaututtuka.

3.5 Ma'aunin a Matsayin Shinge

Wani ɓangare na tarihin da bai kamata a tsallake ba shi ne yadda aka yi amfani da ma'aunin wajen tace masu shiga jami'a. A farkon shekarun 1920, 'ya'yan Yahudawa 'yan ci-rani, waɗanda suka fito daga makarantun gwamnati, sun riƙa cin jarrabawar shiga manyan jami'o'i da yawa. A 1922 sun haura kashi 20 cikin 100 na sababbin ɗaliban Harvard. Shugaban jami'ar, A. Lawrence Lowell, ya nemi a ƙayyade yawansu. Da aka ƙi amincewa da ƙayyadewar a fili, sai aka koma ga neman takardun shaidar hali, da ganawa ido da ido, da tambayar irin wasannin da ɗalibi ya yi. Masanin zamantakewa Jerome Karabel, a binciken da ya wallafa a 2005, ya nuna yadda Harvard da Yale da Princeton suka yi amfani da kalmar “hali” domin fifita 'ya'yan makarantun share fage. Yaron da ke taya mahaifinsa tsaron kanti bayan an tashi daga makaranta ba shi da lokacin tseren kwale-kwale, makarantarsu ma ba ta da kwale-kwalen.

An samu sauye-sauye daga baya. A 1930 attajiri Edward Harkness ya ba Exeter kuɗi aka kafa tsarin koyarwa a kewayen teburi, inda ɗalibai kamar 12 ke tattaunawa da malami, abin da ya ɗaga darajar karatu. A zamanin James Conant, wanda ya zama shugaban Harvard a 1933, an fara amfani da jarrabawar SAT wajen zaƙulo haziƙai daga sassan ƙasar. A 1963 aka kafa shirin A Better Chance domin shigar da yara baƙar fata da sauran marasa rinjaye makarantun. Exeter ta fara ɗaukar 'yan mata a 1970, Andover ta haɗe da makarantar 'yan mata ta Abbot a 1973, Groton kuma ta bi sahu a 1975.

Duk da haka tsohon fifikon bai gushe ba. A 2019 hukumomin Amurka suka bankaɗo wata badaƙala inda wasu iyaye masu kuɗi suka biya aka ƙirƙira wa 'ya'yansu shaidar wasannin da ba su taɓa yi ba, domin su shiga jami'a ta ƙofar 'yan wasa. A 2023 binciken Raj Chetty da abokan aikinsa ya nuna cewa 'ya'yan gidajen da suka fi kowa kuɗi sun ninka 'ya'yan masu matsakaicin hali damar zuwa manyan jami'o'in fiye da sau biyu, ko da makinsu ɗaya ne. Daga cikin dalilan da suka gano akwai ɗaukar 'yan wasa da fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai.

3.6 Reshen Aƙidar a Ƙasar Hausa

Tushen Ingila da ya haifar da Groton shi ne kuma ya miƙo reshe Arewacin Nijeriya ta hannun Turawan mulkin mallaka. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, an gina ta ne a kan tsarin makarantun kwana na Ingila, da shugabannin ɗalibai da wasanni irin su kurket da “fives”, wato ƙwallon da ake bugawa da tafin hannu a jikin bango. Ahmadu Bello, wanda ya kammala a 1931, ya yi fice a wannan wasa kuma bai rabu da shi ba har ya zama Firimiya. Abubakar Tafawa Ɓalewa ma a nan ya yi karatu. Kwalejin ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce aka sani da Kwalejin Barewa. A nan ma, kamar a Amurka, 'yan ƙalilan ne aka zaɓa aka shigar, kuma daga cikinsu shugabanni suka fito.

3.7 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa haɗa karatu da wasanni wajen karrama ɗaliban ajin ƙarshe ba tare da makarantun aka haife shi ba. An ƙirƙiro shi ne a ƙarni na 19 domin tarbiyyar 'ya'yan masu mulki da masu dukiya. Ba a musun cewa ɗaliban da suka karɓi kyaututtukan sun yi gumi kafin su samu, kuma horon ya amfani da yawa daga cikinsu. Amma misalan Roosevelt da Kennedy sun nuna cewa kofin ranar yaye ba ya faɗin abin da yaro zai zama. Tarihin shiga jami'a daga 1922 zuwa 2023 kuma ya nuna cewa ma'aunin yakan auna damar da yaro ya tarar a gida tare da ƙoƙarin da ya yi da kansa. Saboda haka duk mai nazarin jerin sunayen waɗanda aka karrama, ya kamata ya fara da tambayar su wane ne aka bari suka shiga gasar tun farko.