George Müller da marayun Bristol: mutumin da ya jarraba alkawarin Allah a bainar jama'a

A shekarar 1836, wani fasto ɗan asalin Jamus mai suna George Müller ya buɗe gidan marayu a titin Wilson da ke birnin Bristol na Ingila. Ba shi da dukiya, ba shi da albashi, kuma ya ɗaura wa kansa sharuɗɗa biyu masu tsauri: ba zai roƙi kowa ko sisi ba, ba zai kuma ci bashi ba. Bukatunsa Allah kaɗai zai kai wa cikin addu'a.

An haifi Müller a 1805 a ƙasar Furusiya. Ƙuruciyarsa ba abin alfahari ba ce, domin ya sha satar kuɗin mahaifinsa, har an taɓa ɗaure shi saboda ya kwana a masauki ya tsere bai biya ba. Ya tuba a 1825 yana ɗalibi a jami'ar Halle, garin da August Hermann Francke ya kafa babban gidan marayu fiye da ƙarni guda kafin nan. Ya isa Ingila a 1829, kuma a shekarar da ta biyo baya ya daina karɓar albashin fasto.

Tausayin yara yana cikin dalilansa, domin a Ingila ta wancan zamani makomar maraya talaka ita ce titi ko gidan aikin gajiyayyu. Amma shi da kansa ya bayyana cewa babban burinsa shi ne ya kafa hujja. Ya lura da Kiristoci masu karanta alkawuran Littafi Mai Tsarki ranar Lahadi, sannan su shafe mako cikin fargabar abin da za su ci, wasu ma har su shiga ha'inci a kasuwa. Zabura ta 68 ta kira Allah uban marayu. Müller ya so ya nuna cewa za a iya dogara ga wannan magana a zahiri, har a rubuta sakamakon a littafin lissafi.

Jarrabawar ta yi tsanani daga 1838. Shekaru da dama kuɗi suna shigowa ne daidai bukatar yini, wani lokaci ma'aikata su sayar da kayansu don a sayi burodi da madara. A ƙarshen 1841, da asusu ya ƙafe, Müller ya ɗage taron shekara da buga rahoto, don kada a ɗauke su a matsayin roƙo a fakaice. Duk da haka aikin ya ci gaba da bunƙasa. A 1849 aka buɗe gida na farko a Ashley Down, kuma zuwa 1870 gidaje biyar suna tsaye, masu ɗaukar yara kimanin 2,000. Kafin rasuwarsa a 1898, marayu fiye da 10,000 sun ratsa hannunsa.

Masu suka sun yi tambaya mai nauyi: mutumin da yake buga rahoton yadda Allah ya amsa addu'arsa, ana karantawa a ƙasashe da yawa, ashe ba tallar bukatarsa yake yi ba? Gaskiya ne rahotannin sun motsa zukatan masu bayarwa. Sai dai Müller bai taɓa cewa kuɗin daga sama suke faɗowa ba. A fahimtarsa, Allah yana cika alkawari ta hannun mutane, kuma aikin mai bi shi ne ya guji matsa musu. Shi ya sa ya riƙe lissafi dalla-dalla, ana bincika shi, kuma kuɗin da aka bayar don gini ba ya karkatar da su zuwa abinci ko da ana cikin matsi.

Wannan tsari ya haifi abin da ake kira mishan na bangaskiya. Hudson Taylor ya kafa ƙungiyarsa ta wa'azi a ƙasar Sin a 1865 bisa irin wannan ƙa'ida, Müller kuma ya tallafa masa da kuɗi. Da irin wannan dogaro ne samari uku, Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, suka sauka Legas a Disamban 1893 ba tare da wata babbar ƙungiya a bayansu ba, da niyyar shiga ƙasashen arewa. Cikin shekara guda Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma gida, ya sake gwadawa a 1900 zazzaɓi ya kore shi. Sai a 1902 aka kafa tasha a Pategi. Daga wannan mishan, wato SIM, ikilisiyar ECWA ta fito a 1954.

Labaran biyu tare suke tafiya. Müller ya ga amsa da idonsa, Gowans da Kent kuwa sun mutu ba su ga komai ba, kamar mutanen da sura ta 11 ta Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta ambata. Shi ma Müller ya binne matarsa Mary a 1870, kuma shi ya yi wa'azin jana'izarta a kan alherin Allah. Mai wa'azin da ya mai da alkawarin Allah tabbacin arziki da lafiya, dole ya tsallake kaburburan Girku da Bida kafin ya kafa hujja da gidajen Ashley Down.