Rawaya da Ciwon Hanta a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Tun kaka da kakanni, masu magani a Birnin Kudu da Gwaram, kamar sauran ƙasar Hausa, suna jiƙa saiwar rawaya su shayar da mai shawara. A 1916 Dalziel ya tattara sunayen tsirran Hausa a littafi. Sai a 1985 Friedman da abokan aikinsa a Amurka suka tabbatar da ƙwayoyin da ke haddasa tabo a hanta har ta ƙandare. Yanzu akan raini waɗannan ƙwayoyi a ɗakin gwaji, a ɗiga musu ruwan tsirrai. Amma abin da ya hana tabo cikin kwalba ba lalle ne ya warkar da majinyaci ba. Saboda haka muna ganin wajibi ne a rubuta ilmin tsofaffinmu tun suna raye, sannan likitoci su gwada shi a asibiti.