APT: Yadda Aka Rarraba Aikin Girka Manhaja a Linux

APT shi ne tsarin da ke sauke manhajoji tare da girka su a kwamfutocin da ke aiki da Debian da Ubuntu, kuma ya fara fitowa cikin Debian 2.1 a 1999. An gina shi sashe-sashe: libapt-pkg ne ke tantance manhajojin da wata manhaja ta dogara da su, wasu ƙananan sassa su ɗebo ƙunshin daga intanet, wani sashe ya duba sa-hannun ma'ajiyar, sannan dpkg ya girka. A Janairun 2019, Max Justicz ya gano wata kafa a sashen http, wadda ɗan kutse zai iya cusa gurɓatacciyar manhaja ta cikinta. Da yake kowane sashe da iyakarsa, an toshe kafar ba tare da sake gina tsarin ba.