Your Honor: Fim ɗin haɗarin mota da ya raba kan masu kallo

Your Honor fim ne mai dogon zango na ƙasar Amurka, wanda tashar Showtime ta fara haskawa a ranar 6 ga Disamba, 2020. Labari ne na wani alƙali mai mutunci a birnin New Orleans, wanda ɗansa ya kaɗe wani matashi da mota ya tsere, shi kuma ya ɗauki aniyar rufa wa ɗan asiri ko ta halin ƙaƙa. Fim ɗin zango biyu ne, kowanne da kashi 10, kuma an kammala shi a watan Maris na 2023. Har yau masu kallo ba su daina taƙaddama a kansa ba, kuma taƙaddamar ta fi karkata ga tambaya guda: wa ya biya bashin wannan rufin asiri? Wanda bai kalli fim ɗin ba ya sani cewa bayanin da ke tafe ya bayyana yadda labarin ya ƙare.

Asalin labarin

An ɗauko labarin ne daga wani fim na Isra'ila mai suna Kvodo, wanda Ron Ninio da Shlomo Mashiach suka ƙirƙira, aka fara haska shi a 2017. Peter Moffat, marubuci ɗan Birtaniya wanda ya taɓa aikin lauya, shi ne ya sake tsara shi domin masu kallo na Amurka. Bryan Cranston, jarumin da ya yi suna a fim ɗin Breaking Bad, ya fito a matsayin Alƙali Michael Desiato. Hunter Doohan ya fito a matsayin ɗansa Adam, Michael Stuhlbarg kuma a matsayin Jimmy Baxter, shugaban gungun masu aikata manyan laifuka da kowa ke shakka a birnin.

Yadda haɗarin ya auku

A kashi na farko, Adam mai shekara 17 ya tafi unguwar Lower Ninth Ward domin ya ajiye hoton mahaifiyarsa a wurin da aka kashe ta shekara guda da ta gabata. Wannan unguwa ta talakawa ce, yawancinsu baƙaƙen fata, kuma tana cikin waɗanda guguwar Katrina ta fi yi wa ɓarna a 2005. Wasu matasa suka tsorata shi, ya ja mota a firgice, ciwon asmarsa ya tashi. Yana lalubar abin shaƙarsa ne ya yi karo da wani matashi a kan babur. Adam ya yi yunƙurin ceto shi, har ya kira lambar agajin gaggawa da wayar yaron, amma numfashinsa bai bar shi ya yi magana ba. Yaron ya cika a gabansa, shi kuma ya gudu.

Da alƙalin ya ji labari, sai ya ɗauki ɗansa zuwa ofishin 'yan sanda domin ya miƙa kansa. A can ne ya hango Jimmy Baxter da matarsa Gina suna kukan rashin ɗansu Rocco. Nan take ya gane cewa idan sunan Adam ya fito, zai yi wuya ya kai ranar shari'a da ransa. Sai ya juya. A dokar jihar Louisiana, direban da ya tsere daga haɗarin da aka rasa rai zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 10, to amma abin da alƙalin ke gudu ya wuce ɗauri.

Abin da ya biyo baya

Michael ya nemi amininsa Charlie Figaro, mai takarar magajin gari, ya taimaka a ɓatar da motar. Aikin ya faɗa hannun Kofi Jones, wani matashi baƙar fata na ƙungiyar 'yan daba ta Desire. 'Yan sanda suka kama shi da motar, aka matsa masa ya amsa laifin da bai aikata ba. A gidan yari Carlo Baxter, yayan mamacin, ya kashe shi. Daga baya aka tayar da gidan su Kofi da iskar gas, mahaifiyarsa da ƙannensa suka mutu, ƙaninsa Eugene kaɗai ya tsira. Wannan uwa kuwa ita ce matar da alƙalin ya wanke a kotunsa a kashi na farko, bayan ya fallasa ƙaryar wani ɗan sanda.

A ƙarshen zangon, Baxter ya tilasta wa alƙalin ya murɗe shari'ar Carlo har aka sallame shi. Eugene ya je wurin shagalin murnar da bindiga, ya harbi Carlo, harsashin ya kuskure ya sami Adam a wuya, ya mutu a hannun mahaifinsa. Cranston ne da kansa ya ba da umarnin wannan kashi na ƙarshe, wanda aka haska a Fabrairun 2021.

Masu sharhi da masu kallo

Ƙwararrun masu sharhin fina-finai ba su yi wa fim ɗin kyakkyawar tarba ba. Kusan rabin sharhin da shafin Rotten Tomatoes ya tattara ne kawai ya yaba wa zangon farko. Sun jinjina wa Cranston, wanda har ya shiga takarar lambar yabo ta Golden Globe a 2021, amma suka ce labarin ya cika haɗuwar bazata, kuma yana bin sawun Breaking Bad.

Jama'ar gari ba su bi wannan hukunci ba. Showtime ta bayyana cewa ba ta taɓa samun sabon fim da zangonsa na farko ya tara masu kallo kamarsa ba. Da farko an tsara shi a matsayin zango ɗaya tak, amma wannan karɓuwa ta sa aka ƙara na biyu, wanda ya fara a Janairun 2023. Da Netflix ta saka shi a Amurka a tsakiyar 2024, ƙididdigar kamfanin Nielsen ta nuna an riƙa kallonsa sama da minti biliyan ɗaya a mako, makonni a jere, kuma muhawarar ta sake tasowa a kafafen sada zumunta.

Batutuwan da aka fi taƙaddama a kansu

Na farko shi ne matsayin uban. Iyaye da dama sun ce su ma da za su juya daga ƙofar ofishin 'yan sandan, domin ba wanda zai miƙa ɗansa ga mutuwa yana gani. Masu adawa da wannan ra'ayi sun nuna cewa Michael ba talakan uba ba ne. Alƙali ne da ya san manyan jami'an tsaro, ya san hanyoyin neman kariya, amma ya zaɓi ya yi amfani da iliminsa na shari'a wajen goge shaida.

Na biyu shi ne halin Adam. Babu wanda ya sha suka a wurin masu kallo kamarsa: ya koma wurin haɗarin, ya kutsa kai cikin masu makokin Rocco, ya tona sirrinsa ga malamarsa, sannan ya ƙulla soyayya da Fia, 'yar'uwar yaron da ya kashe. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin raunin rubutu. Wasu kuwa sun ga hoton matashin da nadama ke cin zuciyarsa, wanda yake son a kama shi amma aka hana shi faɗin gaskiya.

Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne batun launin fata da talauci. Haɗarin rai ɗaya ya ci, amma rufin asirin ya shafe kusan dukan iyalin Jones, waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Wasu masu kallo sun yaba cewa fim ɗin ya nuna yadda laifin ɗan mai ƙarfi ke gangarowa kan marar galihu. Wasu sun soki masu shirin da cewa sun ba damuwar alƙalin sa'o'i, suka ba mutuwar baƙaƙen fata 'yan mintoci.

Na huɗu shi ne ƙarshen labarin. Akwai masu cewa mutuwar Adam ta dace, ƙaiƙayi ne ya koma kan masheƙiya. Akwai kuma masu ganin harsashin da ya kuskure hanya ce mai sauƙi da marubuci ya bi don kauce wa gurfanar da uba da ɗa. Zango na biyu ya amsa wani ɓangare na wannan ƙorafi, inda Michael ya faɗi gaskiya a gaban kotu, ya koma gidan yari.

Dalilin da ya sa labarin ya zagaya duniya

Bayan Amurka, an sake shirya Kvodo a Indiya, Faransa, Rasha, Jamus, Italiya, Turkiyya, Sifaniya da Koriya ta Kudu. Kowace ƙasa ta sauya birni da irin masu laifin, amma ta bar haɗarin da alƙalin yadda suke. Hakan bai rasa nasaba da cewa haɗarin hanya laifi ne da mutumin kirki ma zai iya tsintar kansa a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan hanyoyi kowace shekara.

Shi ya sa mai kallo ke saurin saka kansa a matsayin Adam ko mahaifinsa. Lissafin da labarin ya bari dai a fili yake: alƙalin ya rasa ɗan da ya so ya ceta, ya rasa kujerarsa da 'yancinsa, Eugene Jones kuma ya rasa kowa nasa a kan haɗarin da bai ma shaida aukuwarsa ba.